Ruwan da Aka Ce Busasshe Ne

Waɗanda suke wurin a ranar su ne: ni Saratu, ɗana Iliya, na uku a ɗakina, matarsa Rifkatu, wadda take jego, jaririnsu, wanda aka sa wa sunan marigayi mijina, don haka Maigida nake ce masa, Likita Sani, mutumin Kano, abokin Iliya tun makarantar kwana, sai baƙin da aka yi girkin dominsu, wato Mista Walta, shugaban Iliya a wurin aiki, da matarsa Madam Jun. Laraba ta zumuntarmu ba ta wurin. Na faɗi wannan tun farko ne domin tun da na dawo daga Amurka, Laraba ta fi kowa sanin abin da ya faru a teburin nan.

Ku matan zumunta kun hana ni sakat. Kullum aka tashi daga sujada sai a tare ni a bakin ƙofa, Uwa yaya Amurka, Uwa me suke ci, Uwa wai gaskiya ne abin da muka ji. Shi ya sa na zaunar da Malama Hannatu, sakatariyarmu, da biro. Ni ban san karatu ba, amma na san abin da idona ya gani. A karanta muku sau ɗaya kowa ta huta.

Kun san ni a kan giya. Na dakatar da mata daga zumunta a kan burukutu, har da ita Laraba, kuma ban taɓa neman afuwar kowa ba. Giya ce ta ci gonar mijina, ta ci shanunsa, sannan ta ci shi. Wannan ku riƙe shi a ranku.

Da damina na tashi, a shekarar nan da soja suke sa mutane bin layi da bulala. Fijo muka shiga daga tasharmu zuwa Kano. Kayana na mai zuwa jego ne: acca, kuka, daddawa, kanwa, yaji, busasshiyar tarwaɗa, da gauta ɗanye cikin ƙwarya, don Iliya yana son sa tun yana yaro. Direba ya ce a ɗaure buhuna a saman mota. Na ce a ɗaure shi shi a can. A kan cinyata buhun nan ya je Kano.

A Kano Likita Sani ya karɓe ni. Ya zo hutu ne zai koma, Iliya ya roƙe shi ya taho da ni. Yaro mai ladabi, sai dai bakinsa ba ya rufuwa, kuma ba a gane ranar da yake wasa. Da muka shiga jirgi aka ɗaure ni da igiya a kujera, na tambaye shi ko an taɓa samun wanda ya gudu. Ya ce, "Sau ɗaya, Mama. Har yanzu ba a ji saukarsa ba."

Abincin jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, a gidanmu da irinsa ake yaye yaro. Abin da na lura da shi shi ne wata yarinya da ke tura amalanke cike da ƙananan kwalabe, tana raba wa manya kamar alewa. Baturen da ke gefena ya karɓa, ya sake karɓa. Na zuba masa ido har ya mayar da ta ukun.

Mun sauka a Landan mun canja jirgi, sannan muka sauka kusa da Washington. A nan na koyi Turancina na farko. Wani ƙato mai kayan sarki ya kwance buhuna. Da ya buɗe ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya zo ya ja da baya. Ya ɗaga kifi ya ce, "Dirai?" Likita ya ce, "Dirai." Aka mayar cikin buhu. Kuka, dirai. Yaji, dirai. Da aka zo kan gauta babu wanda ya ce dirai, sai mutumin ya juye shi cikin kwandon shara, ya miƙo min ƙwaryata da murmushi.

Na ce, "Likita, mene ne dirai?"

Ya ce, "Busasshe, Mama. A ƙasar nan duk abin da ya bushe ba shi da laifi."

Iliya yana zaune a wani gari da ake kira Alekzandiriya, a cikin wani dogon gini da in kika tsaya a gindinsa kika ɗaga kai ɗankwalinki zai faɗi. Ba a hawa da ƙafa. Wani ɗan ɗaki ake shiga ya tashi da mutane. A cikin ɗakin nan za ki tsaya kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinki, ki gaishe shi, ya dubi silin. Wata tsohuwa ce kaɗai ta taɓa amsa min, ita ma daga baya na gane da karenta take magana. Karen yana da riga.

Jego kuwa ban ga inda ake yin sa haka ba. Babu murhu, babu tukunyar ƙarfe, babu ganyen darbejiya. A cikin wani farin kwami na yi wa Rifkatu wanka da ruwan famfo, ita da take nas tana ta gaya min zafin ya isa. Na ce a asibitinku ya isa. Kunun kanwa dai ta sha shi, ina tsaye a kanta.

Na wanke zannuwana na shanya a baranda, kamar yadda kowace mai hankali za ta yi. Kafin la'asar mai kula da ginin ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai an hana shanya, tana ɓata kyan gini. Rifkatu ta kai ni ƙarƙashin ƙasa ta nuna min wani inji da ke juya kaya har su bushe, ga rana a waje tana zaman banza. Rigunan Iliya na zuwa ofis kuma wani shago ake kai su, a yi musu wankin da ba ruwa. Na tambayi sunan wankin. Aka ce dirai. Na ce to, ƙasar da ake wanki babu ruwa, babu abin da zai ƙara ba ni mamaki.

Tun ranar da na sauka na bi gidan kwalba kwalba. Na sami wata a kicin mai warin tsami, na tuttular. Ashe ta zuba wa ganye ce. Na sami wata koriya a banɗaki, na tuttular. Ashe ta kurkure baki ce. Ban yi nadama ba, ko wacce da irin warinta. Akwai kuma wani ɗan kabad a saman firji, wanda Iliya ya ce takardu ne a ciki. Na lura duk sanda aka rufe firji da ƙarfi takardun nan suna ƙara ƙil-ƙil. Na dai tara Iliya da Rifkatu na ce, muddin ina cikin gidan nan, ko ɗigo ba za a sha ba. Iliya ya ce, "Mama, ai mu ma haka muke."

Ana gobe baƙi za su zo, ina gasa wa Rifkatu jiki, sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Mama, zan gaya miki abin da ɗanki ya kasa. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa. In mutumin nan bai sa hannu kamfani ya riƙe shi ba, tattarawa za mu yi mu bi ki gida, ga jariri, ni kuma ban koma aiki ba. Su biyu ne ake dubawa, ɗaya za a ɗauka. Don Allah, duk abin da kika gani gobe, ki yi haƙuri."

Na ce, "Me zan gani?"

Ta ce, "Ba komai, Mama."

In suruka ta ce miki ba komai, ki shirya.

Washegari Iliya da kansa ya zo ya durƙusa. Wai Turawa ba sa jure yaji da warin daddawa, don haka farfesun kifina da accata su zauna a kicin, in baƙi sun tafi mu ci. Rifkatu ta gasa wani farin kifi, babu barkono, babu albasa, sai lemun tsami a yanke a gefensa. Na leƙa na ce wa za a kai wa asibiti.

Baƙi sun iso da yamma, rana tana nan tsaye, don a can da damina ba ta san lokacin faɗuwa ba. Mista Walta dogo ne mai furfura, ya rungumo wani abu a naɗe cikin tawul kamar jariri. Shi ainihin jaririn kallo ɗaya ya yi masa ya ce madalla. Madam Jun ce ta ɗauke shi. Da ya warware tawul sai ga kwalabe biyu, dogaye, da ruwa a ciki mai kalar fitsarin yaro mai lafiya. Ya nemi bokiti da ƙanƙara ya kwantar da ɗaya a ciki.

Na dubi Iliya. Gumi ya tsattsafo masa a hanci, kamar ranar da ya karya min tulu yana ɗan firamare.

Ya ce, "Mama, ruwan inabi ne. Irin na cikin Littafi. Abokinsa ke nomawa a nan bayan gari, shi yake taya shi. Ba ya kai wa kowa sai wanda yake girmamawa."

Na ce, "Giya ce?"

Kafin ya amsa, Mista Walta ya juyo da kwalbar wajena yana bayani, yana shafa ta. A cikin duk surutunsa kalma ɗaya na kama, kuma sau biyu ya faɗe ta. Dirai. Beri dirai.

Iliya ya cafke ta kamar wanda ruwa ya ci aka miƙo masa sanda. "Kin ji ko, Mama? Busasshe ne. Busasshe ƙwarai."

Na ce, "Wato an busar da giyar da ke ciki."

Ya dubi faranti. Ya ce, "Haka suke kiran sa."

Ku lura, bai ce i ba. Na yi masa tarbiyya.

Yanzu ku ji yadda ake shan wannan abu. Ba a buɗewa a sha. Sai da mutumin nan ya murɗa wani ƙarfe ya zaro toshiyar, ya shinshina ta. Ya zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ba ya kama cikin kofin sai ƙafar, wai kada zafin hannu ya taɓa shi. Ya ɗaga wajen taga ya duba, kamar mai neman ƙuda. Ya juya shi, ya juya shi. Ya cusa hancinsa duka a ciki ya rufe ido. Sannan ya kurɓa, bai haɗiye ba, ya yi ta wasa da shi a baki kamar mai ciwon haƙori. Kowa yana jiran sakamako.

Likita Sani yana fassara min. "Ya ce yana jin ɗanyen tuffa. Da ciyawar da aka yanka da safe. Da jiƙaƙƙen dutse."

Na ce, "Ya taɓa cin dutse ne?"

"Ban tambaye shi ba, Mama."

Aka zo zuba wa Likita, ya rufe kofinsa da hannu, ya ɗauki lemu. Na ce, "Likita, ba busasshe ba ne? Me ya hana ka?"

Ya ce, "Ni ko busasshen ba na sha, Mama. Tari yake sa ni." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Sai Mista Walta ya miƙe, ya zagayo, ya zuba a kofin da ke gabana da hannu biyu. Ya ce ni ce babba a gidan, babu wanda zai sha sai na ɗanɗana na ce ya yi. Ya tsaya a kaina yana jira, fuskarsa kamar ta yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Iliya ya riƙe cokali kamar zai lanƙwasa shi.

Na ɗaga kofin ta ƙafa, yadda na ga ya yi. Na kai hanci.

Mata, ni da na kwana shekaru a ɗaki ɗaya da wannan wari. Ko a cikin rijiya aka ɗiga shi zan gane. Tuffa da ciyawa da dutse na Mista Walta ne. Ni abin da na ji, na ji shi, ya yi wanka ne kawai ya sa farar riga.

Na dubi Maigida a hannun Madam Jun, yana barci da bakinsa a buɗe. Na dubi ɗana. Na ce a raina, an gaya min busasshe ne a gaban shaidu, kuma ni ban yi makaranta ba.

Na kurɓa.

Sanyi ne ya fara zuwa, sannan tsami irin na ɗanyen mangwaro, babu zaƙi ko na rantsuwa. Yana wucewa sai harshe ya ɗaure, kamar an ci ɗanyar kanya. A nan na gane inda sunan ya fito: ba shi ne busasshe ba, bakin mutum yake busarwa. Daga baya wani ɗumi ya sauka a ƙirji, wanda ba daga ƙanƙara ya fito ba.

Laraba tana yawo tana cewa na shanye kofi. Ƙarya ne. Kurɓa ɗaya na yi don Iliya, ɗaya don jariri. Ta ukun don in tabbatar ne.

Na ce, "Likita, gaya masa ya yi. Amma abin nan ba a barin sa shi kaɗai a baki."

Mutumin ya yi murna har kunnensa ya yi ja. Ya ce gaskiyata, shi ya sa ake haɗa shi da farin kifi, wai kifin mai sanyin hali ne, ba ya danne shi. Na ɗanɗani kifin Rifkatu a kai. Tsami ya hau kan lami. Bakina ya zama kamar an wanke shi da toka.

Na tashi na shiga kicin. Iliya ya ce, "Mama," da ƙaramar murya. Ban juyo ba. Na ɗauko tukunyar farfesuna da kwanon acca na dire a tsakiyar tebur, na buɗe. Daddawa ta gaishe da kowa. Ni don in kashe ɗanɗanon da ke bakina na ɗauko, amma tunda ba a cin abinci a gaban baƙo a hana shi, na zuba wa Mista Walta. Na nuna kifin na ce, "Dirai." Na nuna kwalbarsa na ce, "Dirai." Na haɗa yatsuna biyu. Turancina ke nan gaba ɗaya, kuma ya isa.

Ya kai loma. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa, wuyansa ya yi ja, sannan ja ya hau har tsakiyar kansa inda babu gashi. Iliya ya rufe ido. Sai mutumin nan ya damƙi kofinsa, ba ta ƙafa ba, ta ciki, da hannu duka, ya kafa kai. Babu dubawa a taga, babu hanci, babu ciyawa. Yadda ake yi a rumfar burukutu ranar kasuwa, haka ya yi. Ya ajiye, ya ja numfashi, ya sake kai loma.

Likita ya ce, "Ya ce tsamin yana yanke man kifin, sanyin kuma yana kwantar da yajin. Wai bai taɓa sanin ruwan nan yana da wannan fuskar ba."

Na ce, "Gaya masa ruwan randa ma yana yin haka."

"Wannan ba zan fassara ba, Mama."

Ya cire kwat, ya sassauta igiyar wuya, ya ƙara sau biyu. Madam Jun ta ɗanɗana ta yi tari, ta koma kan kifin asibiti, ita kaɗai ta ci shi. An ce wai na yi mata dogon jawabi da Hausa a kan yadda ake goyon yaro, har na rera mata waƙar zumunta da baiti huɗu. Na yi. Matar tana bukatar koyarwa, ba wani abu ne ya sa ni ba. Kunnuwana dai sun yi ɗumi, amma tagogin gidan nan ba sa buɗuwa sosai.

Da za su tafi, Mista Walta ya dafa kafaɗar Iliya ya yi masa magana a bakin ƙofa. Rifkatu ta shige ɗaki da sauri, na ji tana kuka tana dariya. Ya sa hannun, shi ya sa har yau suna can, suna aiko muku da gaisuwa a kaset. Ni kuma ya ba ni kwalba ta biyu, da hannu biyu, wai tawa ce. Na karɓa na yi godiya. Na ƙulle masa kifi uku a takarda.

Da gari ya waye, bayan na yi addu'a na yi wa Rifkatu wanka, na jawo kujera na hau na buɗe kabad ɗin saman firji. Takardun Iliya guda huɗu ne, biyu farare, biyu jajaye. Na haɗa da tawa. Ƙarfen murɗawar nan na ga yadda ake yi da shi, ba wuya. Na kwaso duk farantan tangaran da tiren da ke gidan na jera a baranda, na juye kowace kwalba, na baza su sosai yadda rana za ta samu. Na ɗauko kujera na zauna a gefe da muciya, saboda tantabaru.

Iliya ya fito yana ɗaura agogo. Ya tsaya a ƙofar baranda. Ya dubi farantai, ya dubi kwalabe a jere babu komai, ya dube ni.

Ya ce, "Mama, an hana shanya a nan."

Na ce, "Tufafi aka hana."

Ya sake duban farantan. Can ya ce, "Mama, jiya…"

Na ce, "Jiya ka gaya min busasshe ne, na kuwa yarda da kai, don ban haifi maƙaryaci ba. Amma da na duba da safe sai na ga waɗannan da sauran danshi. In sun bushe zan kira ka ka sha."